Lefen Nura a Jirgi Mai Kujera Tara

Tun da na dawo ban samu na ci tuwon Juma'a cikin kwanciyar hankali ba. Da na kai loma baki a ɗakinsu Ɗanlami da ke unguwar Bin Mahmud a nan Doha sai wani ya ce, "Malam Sabi'u, wai da gaske a sikeli aka ɗora ka kamar buhun gero?" Kafin in haɗiye wani ya jefo tasa, wai ya ji mace ce ta tuƙa mu. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya tafi da nasa ya ƙara masa gishiri. To ga shi nan gaba ɗaya a rubuce, a bar ni in ci abinci.

Nura ɗan marigayi yayana ne. Ni na yi masa hanyar zuwa Doha, yana gadi a wani ginin ofisoshi a Mushairib, ni kuma ina tuƙi a gidan wani Balarabe a Al Aziziya. A asibiti ya haɗu da Hadija, ma'aikaciyar jinya, 'yar wani ƙaramin tsibiri a tekun da ke gabas da Afirka. Musulmi ne gaba da baya, sai dai al'adarsu daban. Da mahaifinta ya ji maganar sai ya kira ta gida, ya ce in yaron da gaske yake, manyansa su zo ya gan su. Kafin ta tafi ta zo ta gaishe ni, ta ce, "Baffa, ɗaurin auren ba shi ne matsalar ba. Mu a wurinmu ba a kai amarya. Uba ne ke gina wa 'yarsa gida, miji ya tare a ciki. Babana ya riga ya gina nawa."

Abin da ya kai ni ke nan. Nura ba zai iya zama a tsibiri ba, don da aikinsa na Doha uwarsa da ƙannensa suke ci. Hadija kuma ta rantse ba za ta taka jirgi ba sai ubanta ya ce ta tafi da bakinsa. Ni aka ɗora wa nauyin in karɓo wannan kalma ɗaya.

Hajiya, mahaifiyar Nura, ba wannan ne ya dame ta ba. Daga Zariya ta bugo ta ce, "Sabi'u, ko a bayan duniya yarinyar take, ba za a ce ɗana ya yi aure ba lefe ba." Ta haɗa akwati shida reras, saiti guda daga babba har ɗan kit, cike da atamfa da leshi da mayafai da takalma, ta bayar aka kawo mana Doha. Na ce mata ai lefe mata ke kai shi. Ta ce to in zama mace na ɗan lokaci, ba abin da zai rage ni da shi. Kafil ɗina, wato Balaraben da nake wa tuƙi, ya ba ni hutu bayan ya ja mini rai, ya ce, "Khalas, shi ke nan, tafi, amma kada kai ma ka dawo da mata."

Daga Doha zuwa babban tsibirin ƙasar ba abin ba da labari, jirgi ne irin wanda kuka sani, sai canji da muka yi a hanya. A wurin kwastan ne aka fara. Jami'in ya dubi akwatunan, ya dube mu maza biyu, ya tambaya da Larabci ko mu 'yan kasuwa ne. Na ce kayan aure ne. Ya buɗe ɗaya, hannunsa ya faɗa kan abin da bai kamata namiji ya ɗaga a bainar jama'a ba, ya mayar da sauri kamar ya taɓa garwashi. Ya kira abokan aikinsa mata. Su kuwa suka manta da aiki, suka shiga ɗaga atamfa suna karawa a jikinsu. Ɗaya ta tambayi Nura ko yana da ƙane. Haka muka fita ba wanda ya ƙara ce mana uffan.

Mun kwana a wani masauki kusa da tashar jiragen ruwa. Matar gidan ta kawo mana ɗanyar ayaba da aka dafa da ruwan kwakwa da kifi. Na daɗe ina kallon kwanon, don ni a sanina ayaba abar ɓarewa ce a ci bayan abinci, ba a yi mata miya. Nura ya cinye nasa yana ta santi, wai don ya saba da abincin surukai. Ni na roƙi barkono, aka kawo mini wani ɗan mitsitsi, na raina shi na zuba da yawa. Ban ƙara raina barkonon mutanen nan ba.

Da safe muka nufi inda za mu hau jirgin ƙaramin tsibiri. Ku da kuka saba da filin jirgin Doha, inda mutum zai yi tafiya har ƙafarsa ta yi ciwo bai kai ƙofarsa ba, ku cire wannan daga ranku. Ofishin kamfanin ɗaki ne guda a gefen fili, bai fi shagon tela ba, da benci biyu da sikeli irin na masu awon hatsi. Wata dattijuwa mai tabarau ce a kan sikelin. Kowa sai ya hau, da jakarsa a hannu, ta duba ta faɗa da ƙarfi, a gaya maka kujerar da za ka zauna don kada jirgi ya karkata. Na hau. Abin da ta faɗa ba ruwanku da shi. An dai ba ni kujerar tsakiya, daidai fiffike.

Da aka zo kan akwatuna ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta ce ɗan kit ɗin kaɗai zai bi mu.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na leƙa ta taga na ga jirgin, ɗan ƙarami mai farfela biyu, kujera tara, mu fasinja kuwa takwas ne. Na ce ga kujera nan ba kowa, a ɗora babban akwatin a kai. Tsohuwar ta girgiza kai. Ina cikin ɗaga murya sai wata mata mai farar riga da baƙin ɗankwali ta shigo tana goge hannu da tsumma. Na ɗauka mai shara ce, ashe ita ce matuƙiyar, Kyaftin Zuhura. Da Larabci mai kyau, wanda ya fi nawa na direbobi nesa ba kusa ba, ta ce, "Baba, wannan kujerar ba a sayar da ita, ba a ɗora mata kaya. Ta mara lafiya ce. Har sai na rufe ƙofa muna jiran ko za a kawo wani. In ba a kawo ba, nauyinta na magani ne." Ta nuna mini kwalaye masu sanyi da ake turawa asibitin tsibirin. Ta ce akwatunanmu za su biyo mu ɗaya bayan ɗaya, duk ranar da nauyi ya ragu.

Na haƙura. Amma a zuciyata ina ta tunanin yadda zan shiga gidan surukai da ɗan akwatin da bai fi na kayan aski ba, in ce wai lefe na kawo daga gidan mutunci.

A jikin jirgin an rubuta sunansa, Tawakkali. Na ce wa Nura da na san sunan da na nemi wani. Ƙarar injin ta cika kunne, kana ganin bayan kan matuƙiya da duk abin da hannunta yake yi, ba labule ba ƙofa. Wata mata a bayana ta riƙe kwandon ƙwai a cinya, ko a jikinta. Ni kuwa duk addu'ar da na sani sai da na karanta, har da ta shiga kasuwa. Amma in faɗi gaskiya, ni direba ne, na san hannun da ya san aikinsa. Yadda matar nan ta bi da jirgin ta gefen wani dutse, iska na tura mu, ta ajiye shi a kan 'yar siririyar kwalta ba ko girgiza, ban taɓa ajiye mota a ƙofar kafil ɗina da laushin da ya kai haka ba. Kafin mu sauka sai da wani dattijo a kan babur ya kori awaki daga titin.

Mahaifin Hadija yana tsaye a bakin rumfar jirage. Fundi Bakari ake ce masa, fundi kuwa a bakinsu shi ne gwanin sana'a. Shi ne babban makaniken kamfanin tun farkonsa. Gajere ne, siriri, mai furfura, baƙin mai ya zauna a ƙarƙashin faratansa zaman dindindin. Ya gaishe ni da hannu biyu, ya dubi Nura sama da ƙasa yadda ake duba motar da za a saya, sannan ya dubi ɗan kit ɗin. Na fara ba da haƙuri ina bayani, Hadija na fassarawa. Ya ce, "Na sani. Ni na koya wa mai sikelin aiki."

Haka lefen Hajiya ya riƙa isowa kamar kuɗin adashi. Yau akwatin takalma, gobe ba komai don an ɗauko mai karaya, jibi na mayafai. Abin da na ɗauka abin kunya ne sai ya zama shagalin gari. Da an ji ƙarar jirgi mata sai su fito bakin fili su ga wanne ya zo, su ɗauke shi a ka da waƙa har gidan amarya. Hajiya da ta ji a waya ta yi ta salati, ta ce ita ba ta taɓa jin lefen da aka kai sau shida ba. Daga baya kuma na ji tana ba maƙwabta labari da alfahari.

Jiran akwatunan ne ya sa na zama ɗan rumfar jirage. Kullum ina kan wani benci kusa da Fundi, muna haɗa Larabcinsa na allo da nawa na titi, a nan na ji tarihin kamfanin. Wanda ya kafa shi, kakan Kyaftin Zuhura, mai jiragen ruwa ne da ke dakon kanumfari. A lokacin iska teku kan rufe, ba mai shiga ba mai fita. A irin wannan lokacin haihuwa ta zo wa ƙanwarsa da gardama, ga asibiti a babban tsibiri, ana hango duwatsunsa da ido, amma ba halin ƙetarawa. Bayan an binne ta ya sayar da jiragen ruwansa duka, ya sayi wani tsohon jirgin sama a hannun Turawan gona da ke shirin barin ƙasar. Mutane suka ce baƙin ciki ya taɓa masa hankali. Fundi a lokacin saurayi ne mai gyaran injin kwale-kwale, aka tura shi ƙetare ya koyo na sama.

Kowane jirgi sunan ɗaya daga jiragen ruwan da aka sayar yake ɗauke da shi. Na farkon, Baraka, ya daina tashi, yana nan a ƙarƙashin wani mangwaro. An cire masa duk abin da zai amfani 'yan'uwansa, amma har yau ana wanke shi. Jiragen da ke aiki uku ne. Salama da Tawakkali tagwaye ne, kujera tara-tara. Sai Subira, mai farfela ɗaya, wadda ke sauka a kan ciyawa a tsibiran da ba su da kwalta, ita ke kai wasiƙu da malaman makaranta da ungozoma. Fundi ya ce akwai lokacin da 'ya'yan mai kamfanin suka yi sha'awar girma, suka ɗauko hayar babban jirgi don zuwa manyan birane, saura kaɗan abin ya cinye su duka. Suka mayar da shi suka dawo kan ƙananansu. Manyan kamfanoni sun sha zuwa, in sun ga fasinjan bai taka kara ya karya ba su tattara su tafi. Waɗannan kuwa ba inda za su, don a nan iyayensu suke kwance.

Abin da ya fi burge ni shi ne wankan yamma. Gishirin teku yana cin ƙarfe, saboda haka duk jirgin da ya gama aikin yini sai an wanke shi da ruwan daɗi, a tsibirin da ruwan daɗi yake da wuya. Gidajen unguwar kowa na kawo bokiti daga tankinsa, ba wanda ya sa su. A Doha ina shiga jirgin ƙasa a Mushairib, ba direba ba kowa, komai na ƙyalli, ban taɓa jin nawa ne ba. Su waɗannan mutane jiragen nan nasu ne kamar akuyar gida.

Maganar da ta kawo ni kuwa ta ƙi gaba. An karɓe mu da mutunci, an sa ranar ɗaurin aure, amma duk lokacin da na ɗauko zancen tafiyar Hadija sai Fundi ya miƙo mini kofin gahawa. Wata yamma ya ce in biyo shi. Ya kai ni wani gida na dutse mai ɗaki uku, da baranda mai kallon teku. Ya ce tun ranar sunanta ya fara tara duwatsun, kowace ƙofa shi ya fere ta da hannunsa. Muka zauna a dakalin.

Ya ce, "Malam Sabi'u, ku a wurinku in miji ya ɓata wa mace rai, ina take zuwa?"

Na ce, "Gidan ubanta. Yaji muke ce masa. Sai ya je biko."

Ya ce, "Mu a nan shi ke ɗaukar jakarsa ya fita, ita tana ɗakinta. To tawa in ta yi wannan yajin naku, jirgi nawa za ta hau kafin ta iso ni?"

Ban yi masa ƙarya ba. Na ce da nisa, kuma ba ni da abin da zan rage nisan da shi. Na ce ni dai a Doha nake, in an koma gida ma gidana na kallon nasu Nura, kuma daga ranar da aka ɗaura, ni baffan Hadija ne kafin in zama na Nura. Na ce yaron maraya ne, a hannuna ya tashi, ban san shi da mugun hali ba, amma ɗan Adam ne. Fundi ya ce shi bai taɓa sallamar jirgin da bai ga cikinsa ba. Na ji tausayinsa har na rasa inda zan sa idona, don ni ma ina da 'ya'ya mata.

Washegari ya sa Nura a aiki. Ango guda, da ya kamata a ce yana kwance ana masa hidima, sai ga shi da gajeren wando yana wanke cikin Salama, yana miƙa sufana, yana share mai. Ana haka wata safiya, an gama duba injin Tawakkali an rufe, fasinja sun hau sikeli, sai Nura ya zo ya tsaya gaban Fundi. Ya ce ɗazu wani ɗan noti ya suɓuce masa a cikin murfin injin, ya ɗauka ya faɗo ƙasa, ya duba bai gani ba. Ba wanda ya ga faɗuwarsa sai shi. Aka sauke kaya, aka kwance murfin, aka yi ta lalube har rana ta take kafin a same shi a wani lungu. Jirgin safe ya zama na yamma, mutane suka yi ta gunaguni, babban akwatinmu da ake sa ran dawowa da shi ya ƙara kwana. Fundi bai yi faɗa ba, bai kuma yaba ba. Ya jefa notin a aljihu ya ci gaba da aikinsa. Na ce a raina shi ke nan, yaron nan ya gama mana.

An ɗaura aure ranar Juma'a a masallacin bakin teku. Aka ci shinkafa da kwakwa, aka rataya mana furanni a wuya, ni da gemuna. Nura ya tare a gidan dutse kamar yadda al'adarsu ta ce. Hutunmu ya zo ƙarshe, kalmar nan ba ta fito ba.

Ranar tafiya muka hau sikeli ni da Nura. Idonsa ya yi ja, ban tambaye shi ba. Hadija na tsaye a bakin shingen waya tare da mahaifiyarta, da kayan zaman gida a jikinta, ba jaka ba komai. Fundi na zagaya Salama, yana shafa fiffike, yana leƙa ƙarƙashi, yana latsa taya da babban yatsa. Ya gama zagaye ɗaya ya sake wani. Kyaftin Zuhura ta dubi agogo ta kau da kai. Can ya miƙe, bai juyo ba, ya yi wata gajeruwar magana da yarensu. Mai awo ta nan tsibirin ta gyara sikelinta. Mahaifiyar Hadija ta kwance bakin zaninta ta ciro fasfo ta danƙa mata, ashe tun daga gida da shi ta fito. Abin da Fundi ya ce da yaren nasu shi ne, "Hau a auna ki."

Ya zo inda nake ya kama hannuna. Ya ce akwatunan shida za su zauna a gidanta, kuma ba za a sa wa ƙofar kwaɗo ba. Na ce na ji, na kuma ɗauka.

A can jirgi ba ya motsawa sai makaniken da ya duba shi ya zare katakon da ke tare taya, ya ɗaga wa matuƙi yatsa. Akwai ma'aikata a wurin da za su iya yi, ɗaya har ya taho, Fundi ya ɗaga masa hannu ya koma. An rufe ƙofa, farfela na juyawa, iskarta na kaɗa masa riga. Ya durƙusa a gindin tayar, daidai ƙarƙashin tagar da Hadija take, ya ɗora hannu a kan katakon. Ya daɗe a haka. Matuƙiyar ma hannunta na kan cinyarta tana jira.

Na sha rakiyar amare a rayuwata, na ga kukan iyaye mata iri-iri, uba kuwa a wurinmu yakan shige ɗaki ne ko ya fice masallaci don kada a ga fuskarsa. Wannan bai samu wurin ɓuya ba, aikinsa ne ya tsaya a fili kowa na kallo. Ya zare katakon, ya rungume shi a ƙirji, ya ja da baya, ya ɗaga yatsa. Bai dubi tagar ba ko sau ɗaya, tayoyin yake kallo har muka bar ƙasa.